Ɗan Aike Da Fihirisa: In Kwamfuta Ta Ce Ba Ta Ga Fayil Ba

Ran wata Alhamis, bayan an idar da sallar La'asar, wani dattijon malami da nakan je gaishe shi ya aiko a kira ni, na tarar da shi a zaure bisa buzu, sabuwar kwamfutar da jikansa ya kawo masa tana buɗe a kan ɗan teburi, fuskarsa kuwa kamar ta wanda aka yi wa rasuwa. Shekara biyu ke nan yana tattara ƙa'idojin nahawu yana fassara wa almajiransa da Hausa, a makon da ya wuce aka kwaso masa aikin daga tsohuwar kwamfuta, ga shi yau ya nema ya rasa. Ya ce, "Ɗana, duba mini, ko dai aikin nan ya salwanta ne? Na danna inda yaron ya nuna mini, sai rubutu ya juye Larabci; da na taɓa 'yar hular nan ta sama akwatin ya fito, na rubuta sunan littafin, ya ce babu." Na ce, "Allah gafarta Malam, in Allah ya yarda yana nan." Kafin a kira Magariba mun gano shi lafiya lau, ko wasali ɗaya bai ɓace ba.

Abin da ya sa na ga ya wajaba in rubuta wannan maƙala shi ne, firgicin da ya sami Malam yana samun mutane da yawa, ɗalibai da ma'aikatan ofis da masu shagon buga takardu, kuma galibi abin da sukan yi cikin ruɗewa, watau goge manhaja a sake sa ta, ko kai kwamfuta wurin mai gyara ya wanke ta baki ɗaya, shi ne yakan jawo hasarar da tun farko ba ta auku ba. Alhali kuwa da mutum ya fahimci yadda abin yake aiki, da ya san illar ƙarama ce, maganinta kuma yana hannunsa.

Manhajar da muke magana a kanta ita ce wadda in ka danna maɓalli biyu tare, sai wani siririn akwati ya bayyana a tsakiyar allo, ka rubuta harafi biyu ko uku na sunan abin da kake bukata, ya kawo maka shi nan take, ba sai ka kama linzami kana buɗe folda cikin folda ba. Ni dai ɗan aike nake kiranta, domin aikinta ke nan. Kamfanin Apple ya sa nasa, mai suna Spotlight, cikin tsarin Mac tun 2005. A 2010 wasu mata da miji a Ingila suka fito da Alfred, mai alamar hula, wanda shi ne aka sa wa Malam. Microsoft kuma, bayan akwatin binciken da ke cikin Windows tun zamanin Vista, ya ƙara da PowerToys Run a 2020. Sunaye sun bambanta, amma ɗabi'arsu ɗaya ce, cututtukansu ma kusan iri ɗaya.

Asalin mas'alar, wanda in an riƙe shi sauran bayani zai zo da sauƙi, shi ne ɗan aiken nan ba ya shiga rumbun kwamfuta ya bi fayiloli ɗaya bayan ɗaya a sa'ad da ka aike shi, domin da haka yake yi, da sai ka gaji da jira kafin ya komo. Fihirisa yake dubawa. Duk almajirin da ya taɓa neman gurbin wata aya ya san fa'idar Almu'ujamul Mufahras, littafin da Muhammad Fu'ad Abdul Baƙi ya wallafa a Alƙahira a 1945, inda ya jera lafuzzan Alƙur'ani mai girma, kowane lafazi da surori da ayoyin da ya zo a cikinsu, ta yadda abin da a da sai mahaddaci ko mai dogon bincike yake isa gare shi, yanzu buɗe shafi ɗaya ya wadatar. To, irin wannan hidima kwamfuta take yi wa kanta a ɓoye: akwai wani magatakarda a cikinta da ba ya hutawa, yana bin kowane sabon fayil yana rubuta sunansa da mazauninsa da kalmomin da ke cikinsa. A Mac yana ajiye kundinsa cikin wata ɓoyayyiyar folda mai suna .Spotlight-V100, kuma Alfred wannan kundin yake tambaya, kamar yadda PowerToys Run yake tambayar na Windows. Saboda haka in akwati ya ce maka babu, haƙiƙanin ma'anar maganarsa ita ce bai gani a fihirisa ba, kuma tsakanin wannan da salwantar fayil akwai tazara mai nisa.

Ashe ke nan abu uku ne suke haɗuwa kafin bukata ta biya: kiran da ka yi da maɓallai, da ɗan aiken da ya amsa, da fihirisar da ya duba. Mai hankali yakan bi su bisa tartibi, ya tantance wanne ne ya gaza kafin ya taɓa kome, don kada a bar jaki ana dukan taiki.

Mu fara da kira. Ƙa'idar a nan ita ce ba a sarki biyu a gari ɗaya: haɗin maɓallai guda, mai shi guda ne, in kuwa manhajoji biyu suka yi da'awarsa, ɗaya ce za ta samu, kuma sau da yawa tsarin kwamfutar ne yake rinjaye. A Mac, Command da dogon maɓallin tazara na Spotlight ne tun asali, shi ya sa Alfred yake zuwa a kan Option da tazara. Wanda yake son ya ba Alfred gurbin farko, lalle ne ya shiga saitin Keyboard, sashen gajerun hanyoyi, ya cire wa Spotlight alamar tukuna. Sai dai akwai wani rikici da ya fi shafar mu, mu masu rubutu da harshe biyu ko uku, domin Control da tazara a Mac shi ne mai sauya allon rubutu daga wani harshe zuwa wani, haka nan maɓallin Windows da tazara, ko Alt da Shift, a kwamfutocin Windows. Wannan shi ne ya sami Malam: jikansa ya ɗora Alfred a kan Control da tazara tun kwamfutar tana da harshe ɗaya, daga baya ya ƙara masa allon Larabci da na Hausa, sai mai sauya harshe ya farka ya karɓe haƙƙinsa. Da muka mai da Alfred kan Option da tazara, rigima ta mutu. A Windows ma, Alt da tazara da PowerToys Run yake amfani da shi tsohon kira ne na buɗe jerin umarnin taga, don haka wanda ya saba da wancan gara ya zaɓa wa ɗan aiken wani haɗi dabam.

Kafin a zargi saiti kuma, yana da kyau a tabbatar da abu biyu masu sauƙi waɗanda saboda sauƙinsu ake mantawa da su. Na farko, ɗan aiken yana farke kuwa? In ba a umarce shi ya tashi tare da kwamfuta ba, duk ranar da aka kashe aka kunna, kira zai tafi babu mai amsawa. Na biyu, maɓallin kansa yana da lafiya? Ƙurar hunturu takan shiga ƙarƙashin maɓallai ta kashe su, kuma gwajin bai wuce a buɗe shafin rubutu a danna a gani ba. In aka sauya haɗin zuwa wani baƙo da babu mai amfani da shi, akwatin ya fito, an sami hujja yankakkiya cewa rikicin mallaka ne.

In kira ya yi kyau, akwati ya fito, amma fayil bai bayyana ba, sai a koma ga ɗan aike, a tambayi kai ko an aike shi da harshen da yake ji. Alfred, alal misali, a yadda yake zuwa, manhajoji da makamantansu yake fara kawowa, ba ya tono takardu sai ka fara da danna tazara sau ɗaya kafin sunan, ko ka rubuta open don buɗewa, ko find don ya nuna maka mazaunin fayil, ko in don ya duba kalmomin da ke cikin takarda. Yana kuma da iyakar wuraren da aka ce ya duba, wadda ake iya faɗaɗawa a saitinsa. Har ila yau akwai batun izini, domin tun daga macOS Mojave na 2018, da Catalina na 2019, Apple ya tsananta tsaro, ya zama manhaja ba ta leƙa wasu foldoji sai mai kwamfuta ya yarje mata a sashen Privacy. Wanda ya danna ƙi a ranar farko, ko da bisa kuskure ne, ya ɗaure ɗan aikensa bai sani ba.

Gwajin da yake raba gardama shi ne a nemi fayil ɗin a Spotlight kansa, ko a akwatin binciken Windows. In can ya fito, laifin yana wajen ɗan aike. In can ma babu, to fihirisa ce. Ita kuma illarta iri uku ce. Ko dai ba ta kammala ba, kamar a sabuwar kwamfuta ko bayan sabunta tsari, inda za ka ji fanka tana huci saboda magatakarda yana kan aiki, maganin wannan haƙuri ne da barin kwamfuta a jone da wuta, domin a kan batir aikin yakan yi sanyi, abin da ya kamata masu fama da ɗaukewar lantarki su lura da shi. Ko kuma an hana ta shiga wurin: a Mac akwai jerin wuraren da aka keɓe daga bincike, a Windows kuwa salon Classic bai wuce foldojin takardu da hotuna da kiɗa da fuskar tebur ba, sai an koma Enhanced yake game kwamfutar duka, filash da ake sokawa a cire kuma ba ya cikin lissafi. Ko kuwa kundin ne ya lalace, sai a sake gina shi. Hanyar da Apple ya koyar ita ce a sa rumbun cikin jerin keɓaɓɓun wurare, a dakata kaɗan, a cire shi. A Windows kuma a shiga Indexing Options, sa'an nan Advanced, a danna Rebuild. Wannan ba ya taɓa fayil ko ɗaya, amma yakan ci awoyi, shi ya sa ya dace ya zama mataki na ƙarshe.

Saura illa guda wadda ba za ka same ta cikin littattafan jagora na kamfanonin nan ba, ita ce ta haruffanmu masu lanƙwasa. A idon Bahaushe, k da ƙ 'yan uwa ne, in an rubuta kasa a gurbin ƙasa yakan gane daga siyaƙin magana; a wurin kwamfuta kuwa kowane harafi lamba ne, k lambarsa 107, ƙ kuma 409, haka ɗ da d, haka ɓ da b, kuma manhajoji da yawa ba su san akwai dangantaka tsakaninsu ba. Almajirin da ya fara buga wa Malam littafin ya sa masa suna kaidojin nahawu, babu lanƙwasa babu alhamza, Malam kuwa, da yake mutum ne mai kiyaye ƙa'idar rubutu, ya nema da ƙa'idoji yadda ya kamata, sai daidai ta kasa gano kuskure. Da na ce ya rubuta nahawu kaɗai, sai ga littafin a sahun farko. Darasin a nan shi ne, in suna ya ƙi fitowa, a gwada shi da lanƙwasa da kuma babu, ko a nemi wata kalma ta cikin sunan wadda ba ta da irin waɗannan haruffa. Mai ofis ko makaranta kuma ya tsai da al'ada guda wajen sa wa fayiloli suna, kowa ya bi ta. Haka nan a sani cewa takardar da aka ɗauki hotonta, ko da an mai da ita PDF, sura ce kawai a wurin manhajoji da dama, don haka sunan da aka ba ta shi ne igiyar da za a jawo ta da ita.

Nasihata ga mai karatu, wadda na fi so ya riƙe ko da ya manta da sunayen saitin nan duka, ita ce kada ya yanke hukuncin hasara bisa shaidar akwatin bincike kaɗai. Ya buɗe foldar da hannunsa ya duba, ya leƙa kwandon shara, ya bi abubuwan nan uku ɗaya bayan ɗaya, yana sauya abu guda a lokaci guda don ya san wanne ne ya yi magani. Aikin da ya ci shekaru kuma bai kamata ya kwana a wuri ɗaya ba.

Da littafin ya buɗe, Malam ya daɗe yana bin shafukan da yatsa yana hamdala, sa'an nan ya sa na gyara sunan da ƙ da alhamza, na kwafa masa a filash biyu, ɗaya ya sa a gafakarsa, ɗaya ya ce in kai wa babban almajirinsa. Ya ɗauko alƙalami ya rubuta a bangon littafin da yake ajiye lambobin waya: Option da tazara, sa'an nan tazara, sa'an nan suna. Ladan ya ɗaga murya, muka rufe kwamfutar muka tashi alwala.