Kafanchan: Gari Ɗaya, Kasuwa Biyu

Jirgin ƙasa ne ya raya kasuwar Kafanchan. Tun da layin dogon Fatakwal ya haɗu da na Kaduna a 1927, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, ƙasar Fantswam, wato Kafanchan, ta cika da 'yan reluwe: direbobi, masu zuba kwal, makanikai, leburori. Albashinsu ne ke juya ciniki. Mai rumfa yakan ba ma'aikaci gari da manja bashi har wata ya mutu, bai tambayi masallaci yake zuwa ko coci ba. Matan Kagoro da Kaninkon su sauko da doya da acca da dauro, 'yar Fulani ta ajiye ƙwaryar nono kusa da shagon Ibo mai kayan gyaran mota, kowa da Hausa yake tayi.

Yau da wuya ka ji kukan jirgi, taragu sun yi tsatsa a tasha. Rashin jirgi ya rage wa kasuwar kuɗi, amma rikici ne ya raba ta. An yi na Maris 1987, wanda ya faro daga Kwalejin Ilimi, an yi na 1999, sannan a Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka ƙone babbar kasuwa. Da ƙura ta lafa, wasu suka sake kafa rumfuna a tsohon wuri, wasu suka koma Kasuwar Yakowa, mai sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa. Kowa ya zaɓi inda, in an ce a gudu, gidansa na kusa. Ban ga laifin mutumin da ya kwashe tokar jarinsa da hannunsa ba in ya yi wannan lissafi.

Sai dai citta ta ƙi yarda da rabon. Manomin da ya tsaga ta ya shanya a ƙauyukan Jaba ko Kachia yana buƙatar dillalin da ya san hanyar Kano da Legas, dillalin kuma ba shi da ko kunya ɗaya ta citta. Dole su zauna a kan buhu guda. "Alhaji, ƙara wani abu, ka san taki ya yi tsada." "Haba Mama, bara ma ai ni na kwashe miki." Ta ce albarka, ya ƙara, ta sallama. Abin da ya yi wuyar dawowa shi ne bashi. A da a kan ɗauki kaya sai an sayar a kawo kuɗi. Bayan wutar kowa ya koma kuɗi hannu, domin bashin da ke rubuce ya ƙone da littafinsa, wanda ke baki kuma ya bi masu ƙaura. Wannan asarar ta fi ta kwano da katako ciwo, kuma babu kwamitin diyya da ya san yadda zai ƙiyasta ta.

A 2023 cuta ta faɗa wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta ruɓar da mafi yawan amfanin. Manomi ya rasa iri, dillali ya rasa kaya, 'yan dako da mata masu tsintar citta suka wuni a zaune, tela da mahauci a kasuwannin biyu suka ji a aljihunsu. Farashin buhu ya yi tashin gwauron zabo, har ƙaramin manomi ya kasa sayen abin da zai shuka a daminar da ta biyo baya.