Kyamarar Aljihu da Tarar Ruwan Sama

Ranar wata Asabar 'yar ƙanwata ta same ni a gida a Fagge da magana ɗaya tak: kyamara take so, 'yar mitsitsiya, irin wadda ake jefawa a jaka kusa da turare da kwalli. Na ce, "Ke da kike riƙe da waya mai idanu uku a baya kamar duwatsun murhu, me za ki yi da kyamara?" Ta ce, "Kawu, ba za ka gane ba, ita ake yayi yanzu." Yarinyar tana saro atamfa da leshi a Kantin Kwari tana tallata su a Instagram, ga bukukuwan ƙawaye da ba sa ƙarewa, ga Hawan Sallah da take son ɗauka da hannunta.

Na gane mana, har fiye da yadda take zato. Mu ne muka yi zamanin fim, lokacin da nadi ɗaya hoto 36 yake ci, kana ƙirga su kamar tsinken ashana a gidan da ba kuɗin sayen wata. Ka ɗauka, ka kai wanki, ka jira kwanaki, sannan a miƙo maka dodon hoto da hotunan da rabinsu an guntule wa amarya kai. A shekarar 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak a Amurka mai suna Steven Sasson ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko, wadda ba ta buƙatar fim. Ta fi kwanon gero nauyi, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta sauke hoto ɗaya, mai baƙi da fari, a kan kaset. Jikokinta suka yi ta ƙanƙancewa har suka shiga aljihu. A 2010 kamfanonin Japan sun fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a shekara guda. Sai wayar hannu ta taso ta cinye kasuwar, yanzu ko miliyan goma ba a kaiwa. Abin da ya sami randa ke nan da roba da firij suka shigo. Amma ka lura, har yau akwai wanda zai ce maka ruwan randa ɗanɗanonsa daban. 'Yan zamanin nan ruwan randar suke nema, shi ya sa galibin ƙananan kyamarorin da za ka tarar a kasuwa na hannu ne.

Muka hau Adaidaita zuwa Sabon Gari. Shagon farko da muka shiga, mai shagon ya zaro wata yana goge ta da gefen riga. "Alhaji, wannan megafiksel ashirin ce. Waccan sha biyu kawai." Na ga idon yarinyar ya tafi kan mai ashirin, sai na ja ta gefe.

Na ce mata ta tuna yadda ake tarar ruwan sama a gidan kakarta. Hoto ba komai ba ne illa haske da aka tara. A cikin kowace kyamara, can bayan gilashi, akwai wani ɗan faranti da hasken yake zuba a kai, masu sana'ar suna ce masa sensa. An jera wa farantin nan 'yan ƙananan kofuna, kowane kofi yana tarar ɗigonsa, kuma kofi miliyan ɗaya shi ne megafiksel ɗaya. To idan faranti bai ƙara faɗi ba, kika cusa masa kofi miliyan ashirin a gurbin miliyan sha biyu, ruwan da ya sauka a kansa bai ƙaru ba, kofunan ne suka ƙanƙance. Ranar da aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, wato da tsakar rana a filin Allah, kowane kofi zai cika, ba mai kuka. Ranar yayyafi ake gane bambanci, wato bayan magariba ko a cikin ɗakin amarya mai ƙwan fitila ɗaya. Wani kofin ya sami ɗigo, wani bai samu ba, sai kyamara ta koma cike gibi da kintace. Shi ne kike ganin hoto ya fito da tsaki-tsaki kamar an watsa masa yashi.

Saboda haka tambayar farko ita ce faɗin faranti. Na yawancin 'yan ƙananan nan bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, wajen milimita shida a tsawo. Akwai kuma masu farantin da ake kira inci ɗaya, irin Sony RX100 da ta fara fitowa a 2012, da wasu daga cikin Canon PowerShot. Nasu ya kai farcen babban yatsa, ya ninka wancan wajen sau huɗu. Kada ma ki ɗauko ma'auni, incin nasu bai cika inci ba, kamar dai yadda mudun wata kasuwa ba ya cika na wata. Amma daro ne a gaban langa, ko ba a faɗa ba. Shi kuwa yawan kofi, sha biyu ya ishe ki wanke hoton da za a rataye a falo, balle wanda za ki tura ta WhatsApp, wanda shi ma matse shi zai yi kamar kayan ɗan koli a buhu.

Bayan faranti sai baki. A kewayen gilashin gaba za ki ga an rubuta wasu lambobi, 1.8 ko 2.8 ko 3.5. Wannan faɗin ƙofar da haske yake bi ne, kuma lissafinsa irin na sakamakon jarrabawa ne: na ɗaya ya fi na goma. Ƙaramar lamba, babban baki. Mai 1.8 tana zuƙar haske kusan ninki huɗu na mai 3.5. Tulu da randa ke nan a ƙarƙashin indararo ɗaya.

Mai shago da ya ga na kashe masa kasuwar megafiksel sai ya sauya waƙa. "To Hajiya, duba wannan, tana jawo abu daga nesa sau ɗari." Nan ma iri biyu ne. Akwai jawowa ta gaskiya, wadda gilasai ne suke motsi a ciki, hancin kyamara ya miƙe. Wannan igiyar guga ce: iya tsawonta, iya zurfin da za ki ɗebo, kuma ruwan da ya fito ruwa ne. Akwai kuma ta ƙarya, wadda kyamara take yanko tsakiyar hoto ta buɗa shi. Wannan aikin mai koko ne da baƙi suka yi masa yawa ya ƙara ruwa a tukunya: kofuna sun ƙaru, kokon ya tsinke. A jikin kyamarar akan rubuta adadin ta gaskiyar, sau uku, sau biyar, sau goma, wasu Panasonic Lumix da Nikon Coolpix har sau talatin. Mai son ya tsaya a cikin cunkoson Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe ya ɗauko rawanin wani hakimi daga nesa, doguwar igiya yake buƙata. Sai dai doguwar igiya lilo take yi, kuma bakin gilashi yana tsukewa in aka miƙe shi. Shi ya sa ake neman mai maganin rawar hannu. Kin taɓa kallon Bafulatana mai nono tana tsallake kwata da ƙwarya a ka? Ƙafa na aiki, ƙugu na juyawa, amma wuya yana shanye duk girgizar, nono ko ɗigo bai zuba ba. Irin wannan wuyan aka sa wa gilashin wasu kyamarori.

Akwai kuma halin jaki. Wata kyamarar ka danna yau, ta ɗauka gobe. Doki ya riga ya wuce, sai jela ka samu. Wannan ba a karanta shi a kwali. Na ce wa yaron shago ya riƙa kaɗa hannu, muka yi ta dannawa muna duba wadda take kama hannun a inda muka gan shi.

Ga mai sana'ar atamfa kuwa, launi shi ne jari. Duk wanda ya san Kwari ya san mace ba ta biyan kuɗi sai ta fito da turmi bakin shago ta duba shi a rana, domin fitilar ciki maƙaryaciya ce, tana mai da ruwan toka shuɗi, ta mai da ja ruwan goro. Kyamara ma fitila tana ruɗa ta. Tagari tana da wurin da za ki nuna mata farar takarda ki ce wannan shi ne fari, sauran launuka su bi sahu. A nan ne nake ganin ta ɗan ɗara waya. Waya gwanar girki ce mai nauyin hannu a magi: tana ƙara wa launi ƙarfi, ta goge fuska ta yi sumul, komai ya yi daɗi a ido, sai kaya sun isa hannun mai saye a Zariya ta bugo tana cewa ba wannan ta zaɓa ba.

Na gaya mata gaskiya dai, da rana a waje wayarta za ta kara da mafi yawan tsofaffin nan, wani lokaci ta doke su. Abin da kyamara ta fi ta shi ne igiyar gaskiya, da filasha mai walƙiya ta gaske, ko da yake ita ma taku biyar ko shida take kaiwa, ba ta haska zauren biki. Sannan ba wanda zai kira ki a tsakiyar ɗaukar hoto.

Tunda ta hannu za mu saya, sai muka koma duba ta irin duban akuyar layya, haƙori da kofato. Hancin kyamarar nan kan kunkuru ne, yana fita yana komawa, kuma duk komawa yana jan iska. Iskar Kano kuwa a hunturu kowa ya san abin da take ɗauke da shi. Ƙura in ta shige ta zauna a kan faranti, ba hannun da zai kai gare ta sai an kwance kyamarar. Gwajin ba wuya: a miƙe hancin, a ɗauki farin bango ko sararin sama, a duba ko akwai tabo. A saurari kukan hancin ma, in yana gurnani kamar injin markaɗe, yashi ya shiga. Sai batir. Kowace da nata kamar makulli da kwaɗo, in babu irinsa a Sabon Gari ko Beirut Road, ranar da ya mutu kin sayi abin ado. Haka katin ajiya. Tsofaffin Sony suna cin wani dogon kati nasu su kaɗai, Memory Stick, tsofaffin Olympus da Fujifilm kuma xD, dukkansu sun zama kuɗin da aka daina karɓa. Mai cin SD ake nema, shi ne gishiri, ko'ina akwai.

Katin ma a yi hattara. Ni an taɓa yi mini. Na sayi wani a araha, an rubuta masa babban adadi a goshi, ashe mudu ne da aka bubbuge gindinsa ya shigo ciki. Na ɗauki sunan ɗana na fari tun daga yankan rago har watsewar mata, na dawo gida na tarar da hotunan safe kawai, sauran sun bi iska. Har yau uwargida ba ta bar maganar ba. Danginsa ne sababbin kyamarorin nan marasa asali da ake jerawa cikin kwali mai ƙyalli da megafiksel arba'in da wani abu a rubuce, ka ɗaga ka ji ta sakayau kamar gwangwanin madara da aka shanye.

Mai faranti inci ɗaya ta fi ƙarfin jakarmu, kuɗinta ya sayi turame da yawa. A shago na huɗu muka sami wata tsohuwar Canon mai megafiksel sha biyu, igiya sau biyar, tana da wuyan Bafulatana, tana cin SD, da batir biyu. Na ce wa mai shagon ya kashe fitila. Ya ce, "Alhaji, kai ma ɗan sana'a ne?" Na ce a'a, wanda aka taɓa cuta ne. A cikin duhun shagon ta ɗauki fuskarsa, ta fito har da zufar da ke goshinsa. Muka yi ciniki, ya ce albarka sau biyu, a na uku ya sallama.

A hanyar komawa ta hana mu hawa Adaidaita. Muka tako da ƙafa ta 'Yan Kura, ta ɗauki mai lemo, ta ɗauki wani ɗan dako da dilar atamfa a ka, ta ɗauke ni ina faɗa da mai babur da ya kusa take mini ƙafa. Wannan na ƙarshen na ce ta goge. Ta ce, "Kawu, ai ban koyi wurin gogewa ba tukuna."