A Kula Da Wurin Ajiye Mota

Mutumin Ikara, ko Makarfi, ko Kudan, in Allah ya hore masa mota, ba ya rasa inda zai ajiye ta a garinsu. Ga gindin darbejiya, ga ƙofar gida, ga gefen masallaci, babu mai ce masa kanzil. To, ran da wata takarda ta ofis ko sayayya ta kai shi Zariya ko Kaduna, sai ya tafi da wannan sabo. Ya sami fili a bakin titi wajen Kwangila ko kasuwar Sabon Gari, ya kulle mota ya shige. Kafin ya komo an rubuta masa tara, wani lokaci ma an ja motar. Sa'an nan ya dawo gida yana cewa mutanen birni ba su da mutunci, alhali kuwa allon da ya hana shi yana nan tsaye bisa kansa, bai dai san karatunsa ba ne.

A zamanin En'e 'yan doka ne ke tsare kasuwa da tasha, kowa kuma ya san kowa. Yanzu masu aikin sun yi yawa. Akwai 'yan sanda, akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya wadda aka kafa cikin 1988, ga kuma KASTLEA ta Jihar Kaduna. Wanda ya miƙa arewa ya shiga Kano, zai gamu da KAROTA, wadda aka kafa cikin 2012. Rigunansu dabam-dabam ne, amma alamun da suke tsarewa iri ɗaya ne, ba su kuwa da wuyar ganewa.

Allo mai kewaye, cikinsa shuɗi, bakinsa ja, an ratsa shi da jan layi guda, ma'anarsa kada a ajiye mota a nan. In layukan biyu ne sun gitta juna, to, abin ya fi tsanani, watau ko tsayawa ba a yarda a yi ba. Wannan bambanci shi ne ya fi ka da mutanenmu. A wuri na fari direba yana iya dakatawa ya sauke mutum ya wuce. A wuri na biyu kuwa, ko da injin yana aiki, ko da direba yana zaune a ciki yana jiran wanda ya shiga kanti, ya riga ya karya doka. Harafin P fari cikin shuɗin allo mai kusurwa huɗu izini ne na ajiyewa. In an soke harafin da jan layi, hani ne.

Amma kada a zaci sai inda aka kafa allo ne kaɗai aka hana. Kwana, da kan gada, da kan tudu inda mai zuwa ba ya hango gabansa, da mararraba, da wurin da aka shata domin masu ƙetarewa da ƙafa, da ƙofar asibiti ko makaranta, duk waɗannan ba wurin ajiye mota ba ne, ko da allo ko babu. Dalilin kuwa a fili yake. Motar da aka ajiye a kwana takan tilasta wa na baya ya fita hannunsa, ya shiga na mai tahowa ba tare da ya gan shi ba. Wadda aka ajiye ƙofar makaranta kuwa tana ɓoye yaron da zai ruga ya ƙetare. Tun ran 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta bar tuƙin hagu ta koma dama, hannun dama shi ne wurin tsayawa, mota tana fuskantar inda 'yan'uwanta suka nufa.

Lalle ba birni kaɗai wannan magana ta shafa ba. Duk wanda ya bi Tashar Yari lokacin rake, ko ya shiga Makarfi ran kasuwa, ko Hunkuyi da Ikara lokacin tumatir, ya ga yadda manyan motoci kan jeru a kan kwalta ana lodi, masu babura na kutsawa tsakani, masu talla na bin taga. Hanyar Zariya zuwa Kano ta sami gyara a aikin da aka fara cikin 2018, kyawunta kuwa ya ƙara wa motoci gudu. Lorin da ta lalace da dare aka bar ta a kan hanya, aka zuba ganye a bayanta maimakon jar alama mai kusurwa uku mai ƙyalli, mu a ganinmu ta fi duk wata motar da aka ajiye a Sabon Gari haɗari. Ganye ba ya haske, kuma sau da yawa in an tayar da motar a nan ake barinsa, tare da duwatsun da aka yi waigi da su.

In kuwa an riga an rubuta wa mutum tara, kada ya tsaya cacar baki a bakin titi. Ya karanta takardar, ya ga laifin da aka rubuta da sunan hukumar. Kuɗin tara na Gwamnati ne, ta banki ake biya, a karɓi rasit a adana. Abin da aka danƙa wa wani a hannu babu rasit, ba tara ba ce. Wanda ya ga an zalunce shi yana da ikon zuwa ofishin hukumar, ko ya bari a kai maganar gaban alƙali.

Malaman makaranta da akawunan ƙananan hukumomi su ne jama'a kan kawo wa takarda su karanta musu, su ne kuma suka fi yawan zirga-zirga zuwa Zariya. Alamun nan huɗu da muka ambata ba za su ci rabin allon aji ba. Muna so a zana wa yara su da alli mai launi, a kuma manna su a tashoshin Ikara da Makarfi da Hunkuyi, inda direbobi ke zaman jiran layi.