Kafin ka aiko da injin sassaƙa mai kwamfuta gida: mi za ka zaɓa, mi za ka bari?

A shirinmu na sana'o'i na makon jiya wani ɗan'uwa ya aiko mana saƙon murya ta WhatsApp daga Abijan. Ƙanensa kafinta ne a Kore Mairuwa, shi kuma ya tara ƴan kuɗɗinsa yana so ya sayo masa irin injin nan da ake gani a bidiyo, mai zana fure a jikin ƙofa ba tare da hannun mutum ba. Mai sayarwa ya turo masa takarda cike da zaɓi, kowanne da farashinsa, ya rasa na ɗauka ya rasa na bari. Lokacin shiri bai ishe mu ba, sai na ce bari in rubuta a nan, don na san ba shi kaɗai ke wanga tunani ba.

Injin dai CNC ake ce masa. Ana zana abin da ake so a kwamfuta, a mayar da zanen lambobi, lambobin su riƙa gaya wa injin inda zai bi: dama da hagu, gaba da baya, sama da ƙasa. A kansa akwai moto mai juya wani ɗan haƙori na ƙarfe, haƙorin ne ke cin katako. Ba sabon abu ba ne a duniya, tun 1952 aka nuna irinsa a jami'ar MIT ta Amurka. Sabon abu shi ne arhar da ya yi, musamman na Sin, inda birnin Jinan ya cika da masu ƙera shi.

Tambayar farko ba ta injin ba ce, ta aikin ce: katako ko ƙarfe? Mutane na haɗa su, alhali ba ɗaya ba ne. Na katako haƙorinsa na gudu ƙwarai, har juyi 24,000 a minti, amma jikinsa ba shi da nauyin da zai jure baƙin ƙarfe. Yana taɓa alminiyam a hankali, iyakarsa ke nan. Na ƙarfe gajere ne mai nauyi, teburinsa ƙarami, yana ci sannu sannu. In ƙanenka mai walda ne, kuma abin da ake kawo masa kullum shi ne injin ban-ruwa na masu rake da lambu a fadamar Geceme, ko ƙarfen amalanke, ko sandar injin niƙa, to ni a ganina injin gyaran ƙarfe na hannu, wanda makanikai ke kira tur, ya fi masa amfani nesa ba kusa ba. Kada kwalliyar bidiyo ta ja ka.

Sai girma, kuma nan ne aka fi cin kuɗɗin mutane. Lambar da ke jikin sunan injin ita ce faɗin wurin aikinsa. Wanda ake kira 3018 santimita 30 ne da 18, wato kusan fallen takardar ofis. Shi ne ya cika intanet, farashinsa tsakanin dalar Amurka 150 da 300, kuma a hoto sai ka rantse babba ne. Yana rubuta suna a ƙaramin allo, yana yin maƙallin mabuɗi, yana da kyau ga yaro mai koyo. Ƙofa kam ko kusa. Na 6090 santimita 60 ne da 90: yana yin allon suna na shago, murfin armuwar, da faifan ado da ake mannawa a kan gado. Wanda ke ɗaukar ƙofa sukutum ko fallen filawud guda shi ne 1325, santimita 130 da 250, don fallen kanti 122 ne da 244. Amma shi ya tashi daga ƙaramin inji, dubban daloli ne, kuma sai da ɗaki mai daɓen siminti da ƙofa mai faɗi. Ga kafintan ƙauye mai kayan ɗakin amare, 6090 ne tsaka-tsaki. Kan gado ai ba dole a sassaƙa shi a dunƙule ba, ana yinsa gunduwa gunduwa a haɗa.

Yanzu mu zo ga kuran, wanda a nan Arewa shi ne uwa shi ne uba. Wutar gidajenmu bolt 220 ce. Manyan injina da yawa suna zuwa da tsarin bolt 380 mai layi uku, wanda sai ka je NIGELEC ka nemi kanta ta dabam, in ma layin ya iso unguwarku. Saboda haka a rubuce, ba da baki ba, ka gaya wa mai sayarwa 220 kake so mai layi ɗaya. Ƴan'uwanmu na Amurka kuma su kula: na kasuwarku bolt 110 zuwa 120 ne, in aka soka shi a nan kai tsaye hayaƙi za a gani.

Mu ɗan yi lissafi. Moton sassaƙa na matsakaicin inji kilowat 1.5 ne ko 2.2. Ƙara ƙananan motocin da ke tura shi, ƙara injin zuƙar ƙura, ka doshi kilowat 4 ko fiye. Ƙaramin gurub na kallon ƙwallo da cajin salula ba ya ɗaukar wannan, panno biyu da batir ɗaya ma haka. Kuma ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar layin Birnin Kebbi da ke ba Doso da Yamai, ba ta dawo ba sai Maris na 2024. Wanda ya ci bashi don inji a wancan lokaci ba shi da gurub, mi zai ce wa mai bashi? Don haka kuɗɗin gurub da na regilatar mai daidaita wuta, cikin kuɗɗin injin suke tun ranar farko.

Wani zaɓin da takardar ke kawowa shi ne sanyaya moto: da ruwa ko da iska. Mai ruwa ba shi da ƙara, kuma yana jure dogon aiki, amma yana tafe da bokiti da ɗan famfo da tiyo. Ranar da famfon ya tsaya ba a lura ba, ko yaron shago ya manta bai kunna ba, moton na iya ƙonewa. Ruwan ma a watan Afrilu da Mayu shi kansa zafi yake yi, sai ana canzawa. Mai iska ƙararsa ta fi, yana kuma shaƙar ƙura, amma ba shi da abin mantuwa. Shagon da yara masu koyo ke shiga suna fita, ni mai iska zan ce. In maigidan da kansa zai riƙa tsayawa a kai, mai ruwa ba laifi.

Abin da na fi so ku riƙe shi ne na'urar ba da umarni. Wasu injinan sai da kwamfuta a haɗe da su duk tsawon aiki, da manhaja irin su Mach3. Ku dubi shagon kafinta a lokacin hunturu, ƙurar waje ga garin katako, ku gaya mani wata nawa kwamfuta za ta yi a ciki. Akwai kuma masu ƴar na'urar hannu, kamar babban rimot, da ake kira DSP. Ana yin zane a ɗaki, a zuba a kile USB, a kawo a soka. Irin su RichAuto A11 suna riƙe inda aiki ya tsaya, in kuran ya ɗauke ya dawo sai a ci gaba daga nan. Sassaƙar fure mai zurfi tana iya cin awoyi. Wuta ta ɗauke saura kaɗan a gama, injin ya manta inda yake, ga katako mai tsada ya tashi a banza. Wannan zaɓin ko ya ƙara kuɗɗi a biya.

Na bari kuwa suna da yawa, kuma su ne masu sayarwa suka fi yabo. Mai canza haƙori da kansa yana ninka farashi, kuma sai da kwamfuresa. Hannu na canzawa a minti biyu. Tebur mai riƙe katako da zuƙar iska, famfonsa sau da yawa ya fi moton sassaƙar cin wuta. Maƙallai da kusoshi sun wadatar. Sashe na huɗu mai juya katako don ƙafar gado da ta tebur yana da kyau, amma ana iya ƙara shi baya, in an tabbatar na'urar umarnin tana karɓarsa. Injin zuƙar ƙura ne kawai ba zan ce a bari ba, musamman ga mai aiki da MDF, don garinsa haɗe yake da gam kuma huhu yake shiga. A sa takunkumi kuma.

Haƙora su ne abin da kowa ke mantawa. Mai koyo karya su yake yi, babu makawa, kuma ba za ka same su a kasuwar Tibiri ko ta Dutsi ba. A sayo da yawa tun tare da injin, manya da ƙanana. A duba bakin da ke riƙe su: ER11 iyakarsa milimita 7, ER20 yana kai 13, shi ya fi ba da sarari. A haɗo da abubuwan canji masu saurin mutuwa: akwatin tura moto guda ko biyu, bel, maɓallan iyaka, da famfo in mai ruwa ne. Abu ne da zai shiga aljihun jaka, amma rashinsa na iya kwantar da inji wata uku.

To wa zai yi zanen? Injin ba ya ƙirƙira, abin da aka ba shi yake bi. Dole a samu mai iya manhajar zane, irin su Aspire ko ArtCAM, wadda kamfanin Autodesk ya daina sayarwa tun 2018 amma har yau tana hannun masu sana'a. In kafintan bai taɓa riƙe kwamfuta ba, a nemi yaro cikin dangi da ya yi lakkwal, a tura su tare su zauna wata ɗaya ko biyu a shagon da ke da irin injin, a Yamai ko Kano. Ni da za a bi tawa, a fara da wannan tun kafin a biya ko dala. Can ne za su ga nawa ake biyan faifai ɗaya, su dawo su ƙirga gadaje nawa suke sayarwa bayan kaka, nawa kuma da damina, lokacin da kuɗɗin kowa ke gona.

Farashin da ka gani a waya kuma na bakin masana'anta ne. Akwai jirgin ruwa, akwai mota, akwai duwan, akwai harajin TVA na kashi 19 cikin 100. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023, kaya da yawa sun koma bin Lome su ratso Burkina, hanya ta ƙara tsawo da tsada. Ka sa mai fiton kaya ya yi maka lissafi har ƙofar shago kafin ka tura kuɗɗi.

Ɗan'uwanmu na Abijan, ga abin da za ka mayar wa mai sayarwa: ya rubuta maka 6090, bolt 220 layi ɗaya, na'urar hannu mai tuna inda aka tsaya, baki ER20, da jerin haƙora da kayan canji. Kafin a rufe akwati ya ɗauko maka bidiyon injin naka yana yanka, lambar jikinsa tana fitowa. Sauran masu tambaya, layin shirin a buɗe yake ranar Laraba bayan la'asar.