Darbejiya, Wake da Takardar Haƙƙin Ƙirƙira

Tun da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015 saboda maganin ƙwari da ya yi masa yawa, neman ajiya mara guba ya zama babbar magana a kasuwar Dawanau. Wasu sun rungumi buhun PICS mai riɓi uku da Jami'ar Purdue ta yaɗa daga 2007, wanda ke toshe iska har ƙwaro ya mutu. A ƙauyukan Dawakin Tofa kuwa, tsohuwar dabara tana nan: a shanya wake ya bushe ƙayau, a cakuɗa shi da toka ko dakakken barkono, a shimfiɗa ganyen darbejiya kafin a rufe rumbu. Da zarar irin wannan sani ya soma kawo kuɗi, kamfanoni kan ɗura shi a kwalba, su nemi takardar da za ta hana kowa kwaikwayonsu har shekara 20.

Ƙa'idar ba da takardar ita ce, sai abin ya zama sabo, kuma ba wanda duk gwanin sana'ar zai iya hangowa da kansa ba. A nan gardama take. A zamanin fim ɗin hoto, kamfanoni irin su Kodak da Fuji sun yi ta neman haƙƙi a kan wurin da za a cusa ɗigon sinadarin iridiyam cikin ƙwayar gishirin azurfa, a tsakiyarta ko kusa da bayanta, masu tantancewa suna tambayar ko ƙirƙira ce ko gwajin da kowane masani zai yi.

Darbejiya ma ta sha wannan shari'a. A 1994 Ofishin Haƙƙin Ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da Ma'aikatar Noma ta Amurka takarda a kan maganin cutar shuka daga man 'ya'yanta. Vandana Shiva ta Indiya da abokan gwagwarmayarta suka kawo shaidar cewa an daɗe ana yin haka a Indiya. Aka soke takardar a 2000, ɗaukaka ƙara ma ta faɗi a 2005.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne dokarmu ta haƙƙin ƙirƙira ta 1970. Ta yarda cewa ilimin da aka bayyana da baki ko a aikace ya zama sananne, wannan ya yi kyau. Amma magatakarda a Abuja cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken sabuntar abin. Mai jayayya sai ya nufi Babbar Kotun Tarayya. Wane manomin Dawanau ne zai ɗauki lauya saboda toka da ganye? Takardar tana da amfaninta, domin wanda ya kashe dukiya a bincike ya cancanci riba, sai dai idan ta samu a arha, mai kuɗi ne zai riga kowa.

Indiya ta kafa rumbun rubutaccen ilimin gargajiya a 2001 domin masu tantancewa su duba. Ina kira ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da Jami'ar Bayero su shiga ƙauyukan Dawakin Tofa, su rubuta dabarun ajiya da awonsu da kwanan wata, tun tsofaffin da suka san su suna raye.