Masu Aikin Kiyaye Ƙasa a Gaɓar Shuɗin Nilu

Ƙungiyar Kare Muhalli ta Sudan, wadda aka kafa a Khartum a shekarar 1975, tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin sa-kai na ƙasar. Masana kimiyya da malaman jami'a ne suka assasa ta, daga baya ta buɗe rassa a jihohi, har da yankin Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu, kogin da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ. Yawancin 'ya'yanta ba albashi suke karɓa ba. Akwai malaman makaranta, da ɗalibai, da malaman gona, da ma'aikatan daji da suka yi ritaya. Aikinsu shi ne renon 'ya'yan itatuwa da rabawa, da koyar da mata gina murhu mai tsimin itace, da zama da dattawan ƙauye, da kai ƙorafi ga hukuma idan aka yanka gandun daji aka ba wani mai kuɗi.

Ƙasar da suke wa hidima baƙar laka ce mai tsagewa da rani, ta kumbura ta yi danƙo da damina. A kanta aka shimfiɗa gandun noman Jazira bayan kammala madatsar Sinnar a 1925, gandun da ya haura kadada dubu 800 idan aka haɗa da faɗaɗawar Manaƙil. Hausawa sun riga madatsar zuwa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ja jama'arsa zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar. Mahajjata masu tafiyar ƙasa suka riƙa yada zango, wasu suka yi aikin ginin madatsa da tsinkar auduga, da yawa suka zauna. Jikokinsu su ne masunta da manoman gaɓar kogi a ƙauyuka da dama daga Wad Madani har Rusairis, suna noman albasa da tumatir da ayaba da mangwaro a kan lakar da ambaliya ke bari.

Rukuni na biyu na masu wannan aiki su ne malaman daji na Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1989. Abin da suka fi tsarewa a bakin kogi shi ne kurmin bagaruwa, itacen da mutanen Sudan ke kira sunuɗ. Bagaruwa tana son ƙafarta ta jiƙa na wasu watanni, don haka take cika kwarurrukan da kogi ke malala a cikinsu duk shekara. Malamin daji yana jiran ruwa ya fara ja, sai a watsa iri a cikin ɗanyar laka, bayan an sassauta ɓawonsa mai tauri don ya tsira da wuri. Tun zamanin Turawa ake sare waɗannan kurmuka kashi-kashi, ana ba kowane kashi kimanin shekara 30 kafin a dawo kansa, ana fitar da katakon shimfiɗa layin dogo. 'Ya'yanta kuwa majema ke saye, kamar yadda ake yi a Kano da Sakkwato. Amfanin da ba a cika lissafawa ba shi ne saiwoyinta na riƙe gaɓa. Inda aka sare kurmi domin gawayi ko gasa bulo, ruwa kan ci gindin gaɓar har ta rufta da lambun da ke kanta, abin da manoman can ke kira haddam.

Mai gadin kurmi ɗaya ba zai iya tsare dubban itatuwa daga akuyoyi da masu gatari ba, kuma ma'aikatan sun daɗe da gane haka. Dabarar da ta fi yi musu aiki ita ce a ba manomi fili a cikin gandun da aka sare, ya shuka dawa ko riɗi a tsakanin layukan dashe na 'yan shekaru, shi kuma ya kula da itatuwan har su fi ƙarfin dabba. A tudu, nesa da kogi, haka ake yi da dakwara, itacen ƙaro, wadda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da ƙaronta zuwa kasuwannin duniya. Manomin da ke tsaga dakwara ya sayar da ƙaro ba ya barin kowa ya sa mata gatari.

Aikin da ya fi haɗari yana gandun namun daji na Dindir, a kan iyakar Habasha. An keɓe shi a 1935, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 1979, faɗinsa kuma ya kai kimanin murabba'in kilomita dubu 10. Rayuwarsa ta dogara ga tafkunan da ake kira maya, waɗanda ke riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa bayan kogin Dindir ya ƙafe da rani. Nan ɓauna da gadu da jimina da zaki ke taruwa, kuma nan makiyayi ke so ya kai garkensa. 'Yan sandan namun daji ne ke tsaronsa, su kama, su ci tara, wani lokaci a yi musayar wuta. Raƙumin dawa ya ɓace daga gandun tun shekarun 1980. A farkon shekarun 2000 wani shiri da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tallafa ya kafa kwamitocin ƙauyuka a gefen kogin Rahad, aka yashe wasu tafkuna da suka cike, aka ba mutane rance su sayi tukunyar gas don rage saran itace.

Makiyayi bai shiga Dindir don son rigima ba. Tun shekarun 1940 aka fara noman tarakta a yankin Gadarif, aka kafa masa hukuma a 1968, sannan dokar 1970 ta mayar da duk ƙasar da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati. Da wannan doka aka raba wa 'yan kasuwa da manyan ma'aikata manyan gonaki, aka tumɓuke itatuwa, aka cinye burtali da makiyaya. Dokar daji ta wajabta a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina da kashi 5 na gonar ban-ruwa a ƙarƙashin itatuwa, amma masu bin ta kaɗan ne, kuma ƙaramin malamin daji ba shi da ƙarfin tilasta wa mai tarakta goma.

Wannan matsala ta mallakar ƙasa ita ce ta fi ɗaure wa ma'aikatan hannu. A Jazira dubban iyalai na zaune a kambo, wato zangon 'yan ƙodago a gefen magudanan ruwa, shekaru da dama ba tare da takardar fili ba. Wanda ake iya tashinsa gobe ba zai dasa itacen da zai yi shekara goma kafin ya amfane shi ba, kuma a wurare da yawa mai ƙasa ba ya yarda baƙo ya dasa itace, domin dashe alama ce ta mallaka. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun jihar Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, ya sake tashi a Wad al-Mahi a watan Oktoba, ɗaruruwa suka mutu, dubbai suka bar gonakinsu.

Yaƙin da ya fara tsakanin sojan Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa abin da ya rage. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023, Sinja a Yuni 2024, kafin soja su karɓe su. Ofisoshi suka rufe, ma'aikata suka yi hijira, gas ya yi wuya, gawayi ya zama makamashin kowa. Waɗanda suka koma bakin aiki sun tarar da wani sauyi kuma. Babbar madatsar Habasha, wadda aka fara cika ta a 2020, tana daidaita gudun Shuɗin Nilu tana tare laka. Masu famfon ban-ruwa na samun ruwa duk shekara, amma ambaliyar da ke shayar da kurmin bagaruwa da sabunta gonakin gaɓa tana raguwa, kuma tsarin shuka da sara da malaman daji suka gada an gina shi ne a kan wannan ambaliya.