Kujera Ɗaya, Al'umma Da Yawa: Jos Da Darasin Wasu Ƙasashe

A 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. Tun daga lokacin kujerar shugabancinta ta zama abin ja-in-ja tsakanin Birom, Anaguta da Afizere, masu cewa ƙasar ta kakanninsu ce, da Hausawa da Fulanin da iyayensu suka zauna garin tun zamanin haƙar kuza. Naɗa Alhaji Aminu Mato a matsayin kantoma ya jawo tarzoma a Afrilun 1994, zaɓen Nuwamban 2008 kuwa ya ƙare da asarar ɗaruruwan rayuka. Daga nan aka shafe shekaru ana tafiyar da hukumar da kantomomi.

Abin da ya sa kujerar ke da zafi haka shi ne takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Matashin da ke neman shiga soja, ko gurbin jami'a, ko tallafin karatu, sai ya je sakatariya da hotunansa ya nemi sa hannu. Idan aka hana shi, hanyarsa ta toshe ko da a Jos aka yanke masa cibiya. Saboda haka kowane ɓangare yake ɗaukar faɗuwa zaɓe a matsayin rasa makomar 'ya'yansa.

Wasu yankuna sun sha irin wannan ɗaci, kowa da maganin da ya gwada. A Ireland ta Arewa, bayan kusan shekara 30 ana zubar da jini, yarjejeniyar 1998 ta wajabta wa ɓangarori biyun da ke rikicin yin mulki tare: ɗaya ya ba da babban minista, ɗayan mataimaki, kuma ikonsu daidai yake. Gwamnatin ta sha tsayawa cik, amma bindiga ta lafa. Labanan ta raba kujeru bisa addini: shugaban ƙasa Kirista, firaminista ɗan Sunni, kakakin majalisa ɗan Shi'a. Wannan rabon ya daskarar da siyasa, har ƙasar ta zauna ba shugaba daga 2022 zuwa farkon 2025. Kenan rabon kujeru yana kashe wuta, amma ba ya gina amana shi kaɗai.

Amana tana zuwa ne daga alƙalin wasa. A Fabrairun 2024 kotun tsarin mulkin Senegal ta soke ɗage zaɓen da Shugaba Macky Sall ya yi, aka kaɗa ƙuri'a a watan Maris, ɗan adawa ya ci. A Nijeriya kuwa gwamna ne ke naɗa shugabannin hukumar zaɓe ta jiha, irin su PLASIEC a Filato, shi ya sa ake yawan ganin jam'iyya mai mulki ta kwashe kujeru. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 ya ce a bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya kuma haramta mulkin kantomomi, sai dai bai taɓa wannan naɗin ba.

Jos na buƙatar abu biyu: hukumar zaɓen da wanda ya faɗi zai yarda da ƙidayarta, da ƙa'ida bayyananniya kan takardar shaida, wadda ba za ta sauya da sauyin shugaba ba. Ya kamata masu zaɓe, daga Unguwar Rogo har Tudun Wada, su tambayi duk ɗan takarar majalisa matsayinsa kan waɗannan biyun kafin su ba shi ƙuri'a.